Kwaɗo a Jikin Akwati, Ƙofar Ɗaki a Buɗe: Me Ke Sa Fayil Ya Gogu ko Ya Ƙi Goguwa?

Saura kwana huɗu a raba wa yara sakamakon jarrabawar zango na biyu, ɗan kawuna ya shigo shagona da ke wajen Wunti rungume da kwamfuta, gumi na tsattsafo masa. Shi ne jami'in jarrabawa a wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin garin Bauchi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ƙanina, fayil ɗin makin yara ya ɓace. Kuma wallahi da hannuna na kulle shi. Na sa masa alamar nan ta karatu kaɗai don kada kowa ya taɓa."

Na ce, "Yaya, zauna ka sha ruwa tukuna. Fayil ɗin ka kulle, ko foldar da yake ciki?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da bambanci ne?"

Da bambanci, kuma a cikinsa duk maganar take. A shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta, koke iri biyu ake yawan kawo mini game da gogewa. Wani zai ce abin da ya kulle an goge masa. Wani kuma zai ce ga fayil nasa, shi ya rubuta shi, a kwamfutarsa yake, amma ya ƙi goguwa, kwamfutar na ce masa ba shi da izini. Mai sauraro zai ɗauka matsaloli biyu ne masu kishiyantar juna, alhali tushensu ɗaya. Mutane suna zaton gogewa abu ne da ake yi wa fayil. A wajen kwamfuta kuwa, gogewa da farko abu ne da ake yi wa folda.

Da yake shi malami ne, da rajistar aji na fara yi masa bayani. Kowane yaro a makaranta yana da takardunsa a kabad ɗin ofis: takardar haihuwa, hoto, sakamakon zangunan baya, duk a ƙarƙashin lambar shigarsa. A aji kuma akwai rajista, wadda ba ta ɗauke da komai sai suna da lamba. In aka ce an cire yaro daga aji, ba kabad ake zuwa a yaga takardunsa ba. Rajista ake buɗewa a ja layi a kan sunansa. Saboda haka wanda ke da ikon cire yaro daga aji shi ne wanda ke da ikon rubutu a rajista, ko da kuwa ba a taɓa ba shi makullin kabad ba.

Folda ita ce rajistar nan. Hoton da muke gani a allo, na jakar takardu ruwan ɗorawa, yana sa mu ji kamar fayiloli suna kwance a cikinta ne. Ba haka abin yake ba. Folda jerin sunaye ce, kowane suna da lambar da ke nuna inda bayanan fayil suke a rumbun ajiya. A Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ana kiran wannan wurin bayanan inode, kuma a can aka rubuta girman fayil, da mai shi, da izininsa, da inda abin da ke cikinsa yake. Suna kaɗai ne ba ya can, domin suna na folda ne. Shi ya sa ma aikin da ke faruwa a ƙarƙashin umarnin gogewa ba a sa masa suna gogewa ba, unlink aka kira shi, wato kwance igiyar da ta ɗaure suna da fayil. Kuma kamar yadda yaro ɗaya kan kasance a rajistar aji da ta ƙungiyar ƙwallo, fayil ɗaya na iya samun suna biyu a folda biyu. Kwamfuta tana ƙirga sunayen. Sai ƙidayar ta sauko sifili, kuma babu wata manhaja da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe, sannan take sakin gurbinsa don wani ya hau.

Wannan tsari tsoho ne. Daga Unix ya fito, manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a cibiyar bincike ta Bell a Amurka. A wancan zamanin kwamfuta guda ce mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci ɗaya, don haka dole aka tsara wa zai taɓa kayan wa. Linux, wanda Linus Torvalds ya fito da shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya bi wannan sawu. Kwamfutocin Apple daga zuriyar Unix suke. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta. Na san mafi yawan masu karanta wannan Windows suke amfani da shi, kuma zan zo kansa, amma a Unix maganar ta fi fitowa fili, kuma wanda ya gane ta a can ba zai sha wuya a Windows ba.

A can, mutane kashi uku ne a gaban kowane fayil: mai shi, rukuninsa, da sauran jama'a. Izini ma uku ne, ana rubuta su da haruffan r da w da x, kuma kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Ana haɗa lambobin ne. Wanda ke da duka yana da 7, mai karatu da rubutu yana da 6, mai karatu kaɗai 4. In ka ga an ce fayil yana da 644, ma'anarsa mai shi na karantawa yana rubutawa, rukuni da sauran jama'a karatu kawai. Ka lura da abin da babu a jerin: babu izinin gogewa. Ba mantuwa aka yi ba. Ba a sa shi ba ne domin ba a kan fayil yake ba.

Haruffan nan uku suna sauya ma'ana in aka ɗora su a kan folda, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. A kan folda, r shi ne ikon ganin jerin sunayen da ke ciki. Harafin x shi ne ikon ratsa foldar ka isa ga abin da sunan ke nunawa, kamar a ce an bar ka ka wuce zaure. Shi kuwa w shi ne ikon rubutu a rajistar: ƙara suna, canza suna, cire suna. To duk wanda ke da w da x a kan folda zai iya goge kowane fayil da ke cikinta. Ko fayil ɗin ba nasa ba ne. Ko ba zai iya buɗe shi ya karanta harafi ɗaya ba. Ko izinin fayil ɗin 000 ne, wato an hana kowa komai.

Ka ɗauka ka sayi akwatin ƙarfe, ka zuba takardun filinka, ka garƙame da kwaɗo mai kyau, sannan ka ajiye shi a ɗakin da mutum goma ke da makullinsa. Kwaɗon yana aikinsa, ba wanda zai buɗe ya karanta ko ya canza komai. Amma kowa cikin goman nan zai iya sungumar akwatin ya fita da shi. Kwaɗon akwati yana tsare abin da ke ciki, makullin ɗaki ne ke tsare zaman akwatin a wurin.

Mai Linux na iya gwada wannan cikin minti biyu. Ya ƙirƙiri folda, ya sa fayil a ciki, ya ba fayil ɗin 444 da umarnin canza izini na chmod, sannan ya ce umarnin gogewa na rm ya goge shi. Za a tambaye shi ko da gaske yana son goge fayil mai kariyar rubutu. Da ya amsa da y, fayil ya tafi. Tambayar nan ladabi ne kawai na manhajar rm, ba shinge ba ce, kuma in aka ƙara mata -f ko tambayar ba za ta yi ba. Sai ya juya gwajin: ya ba fayil 777, wato kowa ya yi abin da ya ga dama, ya ba foldar 555. Yanzu zai iya buɗe fayil ɗin ya canza komai a ciki, amma in ya zo gogewa sai a ce masa Permission denied, duk da cewa nasa ne. Duk ɗalibin da na sa ya yi gwajin nan da hannunsa bai sake tambayata wannan magana ba.

Akwai wani abu da ke biyo bayan wannan da kan ɗaure wa mutane kai. Ba a cire folda sai ta zama wayam. In wani ya ƙirƙiri folda tasa a cikin taka, ya zuba fayiloli, bai ba ka izinin rubutu a cikinta ba, to ka makale. Kana da iko a kan rajistarka, amma ba ka da iko a kan tasa, ba za ka iya kwashe abin da ke ciki ba, kuma ba za ka iya cire ta da kaya a ciki ba. Da fayil guda ya ajiye maka, da ka goge shi nan take.

To yaya ake yi da wurin da dole kowa ya ajiye kaya? A Linux akwai folda mai suna /tmp wadda kowace manhaja da kowane mutum ke zuba abin wucin gadi. Bisa ƙa'idar da muka faɗa, kowa zai iya goge na kowa, kuma hakan ɓarna ce. Maganin da aka samo shi ne wata alama da ake kira sticky bit, wadda aka fara amfani da ita a kan folda ta wannan hanya a 1986, a wani reshen Unix da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar. In aka sa wa folda ita, kowa na iya ajiyewa, amma ba mai cirewa sai mai fayil, ko mai foldar, ko babban mai iko da ake kira root. Ni rumfar cajin waya take tuna mini, irin waɗanda suka cika bakin kasuwar Muda Lawal da tashoshin mota. Kowa na kawo wayarsa a jona, teburi ɗaya, soket ɗaya, amma ba ka ɗaukar waya sai ka nuna lambar da aka ba ka. Izinin /tmp 1777 ne, kuma in ka duba jerinsa za ka ga harafin t a ƙarshe. Na daɗe ina ganin wannan alama ɗaya ce daga cikin dabaru mafi kyau a duk tsarin, domin ta warware babbar matsala da abu ɗan ƙanƙane.

Shi root ba ya tsayawa neman izini, shi ya sa haɗa sudo, umarnin aiki da ikon root, da rm -rf, mai goge folda da duk abin da ke cikinta ba tambaya, ke buƙatar mutum ya karanta abin da ya rubuta sau biyu kafin ya danna. Abin da ke tsayar da root shi ne alamar da ake sawa da chattr +i. Fayil mai ita ba ya goguwa, ba ya canzuwa, ba a sauya masa suna, sai an fara cire alamar. Ga wanda ke son ya kulle fayil guda ɗaya tak a Linux ba tare da ya taɓa folda ba, wannan ce kullewa ta gaskiya. Wata shawara kuma da nake jin matasa masu koyon sarrafa saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, suna ba juna, cewa duk abin da ya ƙi aiki a buga masa chmod 777, ina ƙin ta da gaske. Aiki zai tafi, amma ka cire ƙofar ɗakin ne gaba ɗaya don makulli ya yi maka gardama.

Mu dawo kan kwamfutar Yaya, wadda Windows ce. Tsarin ajiyar Windows na yau shi ne NTFS, wanda ya fito a 1993. Ya fi na Unix yawan rassa. Maimakon kashi uku, kowane fayil da kowace folda na ɗauke da jerin mutane da rukunoni, kowa da abin da aka yarje masa da abin da aka hana shi. In ka danna dama a kan fayil, ka shiga Properties, ka buɗe Security, za ka ga jerin. A nan akwai izinin gogewa a kan fayil ɗin kansa, sunansa Delete. Amma akwai na biyu a kan folda, mai suna Delete subfolders and files, wato goge duk abin da ke ƙarƙashina. Ɗaya daga cikin biyun ya isa. Ƙofa biyu ce zuwa ɗaki ɗaya, in ka toshe guda ka bar guda, ba ka yi komai ba.

Wannan izini na biyu yana cikin Full control. Don haka duk wanda aka ba Full control a kan folda zai iya goge kowane fayil a cikinta, komai irin kariyar da aka yi wa fayil ɗin. Microsoft da kansa ya rubuta hakan a bayanansa. Matakin da ke ƙasa da shi, Modify, ba ya ɗauke da wannan izini na folda. Amma fayiloli suna gadon izini daga foldar da suke ciki, kamar yadda ɗa ke gadon sunan gida, kuma Modify ɗin da suka gada yana ɗauke da Delete. Sakamakon a aikace shi ne mai Modify ma yana gogewa. Bambancin kawai, a wajensa in ka sa wa fayil guda hani na musamman, hanin zai yi aiki, domin hanin da aka sa kai tsaye yana rinjayar yarjewa.

Da na duba kwamfutar makarantar, abin da na tarar bai ba ni mamaki ba. Folda ɗaya ce aka buɗe a kan hanyar sadarwar ofis don malamai su riƙa zuba makin darussansu daga kwamfutocin ɗakin malamai. Wanda ya haɗa musu ya ba Everyone, wato kowa da kowa, Full control, don kada a riƙa kiransa. Babban fayil ɗin da Yaya ke tattara makin duka azuzuwa ma a cikin foldar yake. Wani sabon malami ya zo share tsofaffin fayilolinsa na zangon baya, ya haɗa da shi bisa kuskure.

Alamar da Yaya ya sa kuwa, wato Read-only, ba ta ma cikin tsarin izini. Tsohuwar alama ce tun zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, aikinta ta hana a yi rubutu a kan fayil bisa kuskure. Ba ta san wane ne kai ba, ba ta bambance shugaban makaranta da ɗan aike. Umarnin del yana mutunta ta sai an ƙara masa /f, amma mai gogewa da linzami ba ta tare masa hanya, kuma duk mai ikon canza fayil zai iya cire ta da danna ɗaya.

Yaya ya ce, "To ai sai mu duba kwandon shara, ko?" Nan ne zuciyata ta sosu, domin na san amsar. Abin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar sadarwa ba ya shiga kwandon shara, ba na wadda aka goge daga ita ba, ba na wadda fayil yake ba. Haka abin da aka goge daga filash. Kwandon na fayilolin da ke rumbun kwamfutar da kake zaune a gabanta ne. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ranar da ta same su.

Koke na biyu, na wanda kayansa suka ƙi goguwa, ɗalibai ne suka fi kawo shi, musamman na Yelwa da Gwallameji lokacin rubuta furojet. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Kwamfuta ta lalace, an sake mata Windows, ko an ciro rumbunta an jona a wata. Ga foldarsa da sunansa, amma in ya zo gogewa ko buɗewa sai a ce yana buƙatar izini. Dalili shi ne Windows bai san ka da suna ba. Kowane asusu yana da wata doguwar lamba da ake kira SID, mai farawa da S-1-5-21, kuma ita ake rubutawa a jikin fayil a matsayin mai shi. In aka sake Windows, ko ka sa sunanka na da harafi da harafi, sabuwar lamba za a ba ka. A idon kwamfutar kai baƙo ne mai suna irin na mai gida. In ka buɗe Security za ka ga tsohuwar lambar tsirara, ba suna a gabanta.

Maganin shi ne karɓar mallaka. Mai asusun admin na shiga Advanced a ƙarƙashin Security, ya canza mai shi zuwa kansa, ya sa canjin ya sauka kan duk abin da ke ƙasa, sannan ya ba kansa izini. Masu son umarni suna amfani da takeown da icacls. Wannan na aiki ne saboda ƙa'ida ɗaya: mai abu kullum yana iya sake tsara izinin abinsa, ko da an cire shi daga jerin. Mataki biyu ne, kuma da yawa suna tsayawa a na farko su ce bai yi ba. Zama mai shi bai ba ka ikon gogewa ba, ya ba ka ikon ba kanka ikon ne.

Sai dai ina roƙon mai karatu ya bambance wannan da wani saƙo mai kama da shi, wanda ke cewa kana buƙatar izini daga TrustedInstaller. Tun daga Windows Vista, muhimman fayilolin Windows ba admin ne mai su ba, wannan asusun ne, kuma an yi hakan da gangan don kada bairos ko kuskuren hannu su taɓa su. Na sha karɓar kwamfutar da ta daina tashi saboda mai ita ya ga foldar Windows ta cinye wuri, ya bi wani bidiyo ya karɓe mallaka ya shiga gogewa. In wuri kake nema, Disk Cleanup na nan, shi ya san abin da za a cire lafiya. Foldar Windows.old ma, wadda ke bayyana bayan sabuntawa, ta hanyarsa ake cire ta, kuma a Windows 10 da 11 in ka ƙyale ta kwana 10 da kanta take tafiya.

Ba kuma duk ƙin goguwa ne na izini ba. Windows ba ya yarda a goge fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi, sai an rufe ta. Linux yana yarda, suna ya ɓace, amma wurin ba ya dawowa sai manhajar ta saki, shi ya sa mutum kan goge ƙaton fayil ya ga rumbu na nan a cike. Katin memori babba yana da ɗan maɓalli a gefe da ke kulle shi. Filash da ya kusa mutuwa kan koma karatu kaɗai, kuma in ka ga haka ka kwashe kayanka a ranar. Wani lokaci kuma sunan ne ya yi tsawo, folda cikin folda har hanyar ta wuce haruffa 260.

Filash na da nasa labarin da ya kamata kowa ya sani. Yawancinsu da FAT32 ko exFAT aka tsara su, kuma waɗannan ba su san mai abu ba, ba su san izini ba. Duk tsaron da ka yi wa fayil a kwamfutarka, da ka kwafa shi zuwa filash ya zube a ƙofa. Duk kwamfutar da aka soka shi tana da cikakken iko a kan komai. Shi ya sa filash ɗin da ke yawo tsakanin shagunan buga takardu yake saurin kamuwa da bairos ɗin nan mai mayar da folda gajeriyar hanya, wato shortcut. Abin tausayin shi ne yawanci bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi ta hanyar sa wa fayiloli alamar ɓoye da ta tsarin kwamfuta. Umarnin attrib -h -s -r /s /d kan fito da su. Na ga ɗaliba tana kuka a shagona bayan an riga an yi wa filash ɗinta fomatin a wani wuri, alhali babinta biyar suna nan lafiya kafin a yi.

A waya kuwa, Android na ba kowace manhaja lambar mai amfani tata, kamar kowace mutum ce daban, don kada wata ta shiga kayan wata. Daga Android 11 an ƙara tsaurarawa, shi ya sa manhaja kan tsaya ta nemi amincewarka kafin ta goge hoton da ba ita ta ɗauka ba.

Yaya ya yi sa'a, amma ba cikakkiya ba. A rumbu mai faifai irin na da, gogewa na cire suna ne ta saki gurbi, bayanan na nan har wani abu ya hau kansu, don haka in aka kashe kwamfuta da wuri akan iya ceto su. Tasu kuwa SSD ce, kuma irin wannan rumbu yakan share gurbin da aka saki ba da daɗewa ba. Ba mu samu komai a can ba. Abin da ya cece shi kwafin da ya tura wa shugabar makarantar kwana shida kafin nan ne. Makin darussa uku ya sake shigarwa da hannu daga takardun malamai, dare biyu bai yi barcin kirki ba.

Bayan an raba sakamako na je makarantar don gyara tsarin. Shugabar ta ce, "Malam, kawai ka hana kowa gogewa, shi ke nan." Na ce, "Hajiya, in na yi haka gobe za ki kira ni." Word da Excel ba sa rubutu kai tsaye a kan fayil in an danna ajiyewa. Sabon fayil na wucin gadi suke ƙirƙira, su kawar da tsohon, su ba sabon sunansa. Wanda aka hana gogewa zai ga ajiyewa na ba shi matsala, foldar kuma ta cika da tarkacen fayilolin wucin gadi. Canza suna ma a Windows izinin Delete yake buƙata. Sannan hana gogewa ba ya hana mai ikon rubutu ya buɗe fayil ya share duk makin da ke ciki ya ajiye shi fanko.

Abin da muka yi shi ne raba ɗaki. Babban fayil ya koma foldar da Yaya da shugabar kaɗai ke da ikon rubutu a ciki, malamai karatu kawai. Foldar zuba maki kuma muka yi mata irin tsarin rumfar caji: kowane malami na iya ƙirƙirar fayil, sannan muka ba CREATOR OWNER izinin Modify, wato kowa na da iko a kan abin da shi ya ƙirƙira, ban da na abokin aikinsa. Muka cire Everyone daga jerin.

Da na zo gwadawa sai na ga duk wannan ba zai yi aiki ba tukuna. Kwamfutocin ɗakin malamai uku duk da asusu ɗaya ake shiga, kalmar sirrinsa a rubuce a jikin bango kusa da jadawalin darussa. A wajen Windows, malamai goma sha bakwai mutum ɗaya ne, kuma duk fayil ɗin da ɗayansu ya ƙirƙira na dukkansu ne. Sai muka ɗauko rajistar ma'aikata, Yaya na karanto suna ina buɗe asusu, kowane malami na zuwa ya sa kalmar sirrinsa da kansa. Wuta ta ɗauke muna kan na tara, muka jira aka tayar da janareta, muka ƙarasa ana kiran la'asar.